Yaron da kare ya ciza, kada a tare shi da faɗa

"Ai karen gida ne, ba ya cizo." Wannan magana ta cuci yara da dama. Kowane kare yana cizo idan aka ƙure shi, sai dai yakan yi gargaɗi tukuna: ya sanƙare, ya kawar da kai, ya riƙa lasar baki, daga nan sai gurnani. Ɗan shekara uku bai san waɗannan alamu ba. Shi dai ya ga wutsiya ya ja, ko ya rungume kare yana cikin cin abinci. Kuma saboda gajartarsa, haƙoran sukan same shi a fuska ko a wuya, inda ƙwayar cutar haukan kare ta fi saurin kaiwa ƙwaƙwalwa. Don haka ba a barin ƙaramin yaro da kare su kaɗai, ko da na shiga ɗaki a fito ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A ganinmu, shirun yaran yana da hannu a wannan adadi. Yaron da aka saba duka idan ya taɓa kare, ranar da ƙwiƙwiyo ya yakushe shi sai ya rufe wurin da riga ya yi gum. Ciwon ya warke, kowa ya manta, alhali cutar takan kwanta wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana. Idan kuwa ta bayyana, da wuya a tsira. Gara yaro ya san cewa in ya faɗa ba abin da za a yi masa.

Da zarar ya faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur. Mutane sukan gaji a minti biyu, alhali wankin ne ke fitar da yawun da ke ɗauke da ƙwayar. A shafa aidin, kada a ɗaure ciwon tamau, a nufi asibiti a ranar domin fara allurar rigakafi. Ba a jira a ga ko karen zai haukace. Ana sa masa ido kwana 10, amma allura na tafiya. Yakushin kyanwa da lasa a kan buɗaɗɗen rauni duk hukuncinsu ɗaya.

Shi ma karen, kada a doke shi idan ya yi gurnani, domin zai koyi cizo ba sanarwa. A kai shi wurin likitan dabbobi ya yi masa rigakafi da maganin tsutsar ciki.

'Yan tsaki da kunkuru ba su da haƙoran kare, amma sukan ɗauko ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 5 masu kai hannu baki. Bayan wasa da su, a wanke wa yaro hannu da sabulu na daƙiƙa 20, har ƙarƙashin farce.