Dakashi ba ƙazanta ba ne

Har yanzu a wasu gidajenmu na Makka da Jidda, kaka kan hana jariri nonon farko. Wai dakashi gurɓatacce ne, sai a tatse a zubar, a riƙa ɗura masa zamzam har nono ya yi fari.

Alhali wannan nono mai kauri, ruwan ɗorawa, shi ne rigakafinsa na farko, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin nan da jarirai ke fara yi. Kaɗan yake zuwa, to ai cikin jaririn ma ɗan mitsitsi ne. Shi ya sa ungozoma a asibiti ke ɗora shi a ƙirjin uwarsa nan take: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shayarwa cikin awa 1, nono zalla har wata 6.