Shekara 30 da jaka a ɗaure

Jiya bayan Isha'i ina zaune a teburin mai shayi na bakin layinmu a Agege, sai na ji wani matashi da bai fi wata takwas da zuwa Legas ba yana ce wa abokinsa: "Ni dai da na tara abin da ya sawwaƙa gida zan koma in huta. Wannan gari ba wurin zama ba ne." Sai da na ajiye kofin da ke hannuna. Da bakina na faɗi wannan magana shekara 14 da suka wuce, ranar da na sauka Ikko da 'yar jakata, kuma na san mutumin da ya yi ta faɗinta har aka ɗora shi a makara.

Dattijo ne, mutumin wajen Katsina, goro yake sayarwa. Ya haura shekara 30 a Agege. A lungun shago yake kwana kan tabarma, ga wata jakar Gana-mas-go a wajen kansa, zif ɗinta ya mutu har ya ɗaure ta da igiya. Wata damina ruwa ya shigo shagon cikin dare, na taya shi ɗage huhunan goro, na ga yadda yake ɗingishi, na ce, "Baba, ko 'yar katifa ka saya mana. Ga sanyin siminti, ga ciwon ƙafa." Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, baƙo raɓa ne. Katifata tana gida." Kuma da gaske tana can. Ya gina gida mai ɗaki shida a garinsu, an sa tayil, an kafa masa gado. Duk Babbar Sallah yakan je ya yi kwana goma ya juyo. Ku lissafa da kanku: kwana goma sau 30, kwana 300 ke nan, ko shekara guda bai cika a kan gadon nan ba. A nan Allah Ya karɓi abinsa, mu muka yi masa wanka, a nan muka rufe shi. Da muka kwance jakar don mu aika wa 'ya'yansa, sai ga shaddodi biyu ɗinkakku da ba a taɓa sawa ba, da hula zanna a cikin ledarta, da kwalbar turare ko buɗe ta ba a yi ba. Duk ya ajiye su sai ranar komawa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Tun daga ranar nake ganin da yawa daga cikinmu, 'yan Arewa mazauna Legas, muna cutar kanmu da wannan "sai na koma gida". Mun ɗauki garin nan kamar tasha. Mutum zai shekara 20 a ciki bai taɓa sayen labule ba, bai san sunan maƙwabcinsa ba, ciwo na cinsa ya ƙi zuwa asibiti don kuɗin na bulo ne. Ci mai kyau, barci mai kyau, zama da iyali, duk an tura su gaba, kamar an ba mu takardar tabbacin za mu kai.

Na san abin da za a ce mini, kuma ban raina shi ba. Jakar nan ba a banza ake ɗaure ta ba. Manyanmu sun ga rikicin Idi-Araba a 2002, mu kuma mun ga na Mile 12 a 2016. A watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, yara da yawa suka wayi gari ba sana'a, wasu an kwashe baburansu an murƙushe. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin danfo, wato bas ɗin haya na Legas, ya yi tashin gwauron zabo. Mai gida na son kuɗin shekara a dunƙule, ga na ejan a kai. Ga kuma wanda zai kira ka "aboki" da irin muryar da kai da shi kun san ba abota yake nufi ba. Wanda ya sha wannan in ya ce zuciyarsa tana gida, ba zan ga laifinsa ba. Gina gida a garinku ma hankali ne. Abin da nake ja a kai shi ne mutum ya hana kansa rayuwa a yau saboda ginin.

Ni ma sai da na je na gani. Shekarar da Baba ya rasu na rufe harkata, na ce wata guda zan yi a Kano ba abin da zan taɓa. Muka tashi da yamma, Ibadan, Ogbomosho, Ilorin. Duk wanda ya saba bin hanyar nan ya san abin da ke faruwa a zuciya in mota ta hau gadar Jebba: ka leƙa ka ga kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa, ka ji kamar an sauke maka dutse daga ƙirji. Daga Mokwa iska ta fara bushewa, dogayen bishiyoyin kurmi suka ja baya, sama ta buɗe. Na ce to, ga hutu ya zo.

Kwana uku na farko sun yi daɗi, ba ƙarya. Tuwon Hajiyarmu da miyar kuka da man shanu, fura da rana, zaman majalisa a ƙofar gida. A rana ta huɗu ƙarfe huɗu na dare idona ya buɗe kamar yadda ya saba, na kama waya ina tambayar ko kaya sun fita daga kasuwar Idumota. Lissafin da ke hana ni barci a Agege shi ne ya biyo ni kusan kilomita 1,000 ya kwanta tare da ni. Abin da ya fi taɓa ni kuwa, ɗana mai shekara huɗu a lokacin, in na miƙa masa hannu sai ya ɓuya a bayan mahaifiyarsa. Sai da na yi mako kafin ya yarda ya zauna a cinyata. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A Legas ina kiran kaina baƙo, a gidan da na gina kuma baƙo ɗana ya ɗauke ni.

Kuma wai mu raɓa ne a Agege? Cinikin goro ya zaunar da Hausawa a nan tun zamanin kakanni, layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ƙara buɗe hanya. Akwai gidaje a unguwar nan da kaka da uba da jika duk a nan aka yanke musu cibiya, suna Hausa suna Yarabanci kamar ruwa. Muna da Sarkin Hausawa, muna da masallatai da makarantun allo da Islamiyyu. Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba, da tumatir da albasa da tattasan da ake saukewa a Mile 12 kafin gari ya waye, da guminmu suke isowa. Raɓa da hantsi take bushewa, mu kuwa mun haura shekara ɗari.

Da na dawo ban yi wani abin a zo a gani ba. Na kama ciki da falo, na ɗauko iyalina, na sa yara makaranta. Na koyi gaida tsohuwar da ke sayar da gawayi a ƙofar gidanmu da yarenta, "E kaaro Ma", shekara da shekaru ina wuce ta ba ko sannu. Ranar da matata ta fara naƙuda ina kasuwa, ita ce ta tare Keke ta kai ta asibiti, ta zauna har na iso. Tsakanin Magariba da Isha'i kuma na daina taɓa waya, ko wa ke kira. Na fi shekara ina kokawa da wannan kafin ya zauna mini.

Hatta hanyar kasuwa ta sauya a idona. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990, na yi shekaru ina bin ta a danfo kaina a sunkuye ina tsaki saboda cunkoso. Wata safiya na ɗaga kai daidai Makoko. Hayaƙin bandar kifi ya kwanta a kan ruwa, wani masunci tsaye a ƙaramin kwalekwale ya wurga birgi, ta buɗe a sama ta sauka a hankali, yaronsa na riƙe da filafili yana jira. Kullum suna nan, ni ne ban taɓa dubawa ba. Yanzu da jirgin ƙasa na Red Line ya fara aiki a 2024 nakan hau daga Agege zuwa Oyingbo, amma wani lokaci da gangan nake bin gadar don in gan su. A nan nake yin azkar ɗin safe, in tuna hadisin nan da ke cewa wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an haɗa masa duniya ne. Ba a ce sai a garinsu ba.

Ina son Kano, kuma ina roƙon Allah Ya sa ƙarshena a can, kusa da iyayena. Amma zaɓin ba nawa ba ne, kamar yadda bai zama na Baba ba.

Kafin in tashi daga teburin na kira matashin nan gefe, na tambaye shi inda yake kwana. Ya ce a barandar wani shago, kan kwali. Na ba shi labarin jakar. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, kuɗin katifa ai kuɗin siminti ne." Na ce na sani, ni ma na yi wannan lissafin. Akwai ɗaki a gidanmu da yara uku 'yan Zariya ke neman na huɗu da za su raba haya da shi. Ya ce zai yi shawara da mahaifinsa. Mun yi da shi ranar Asabar bayan La'asar zai zo ya duba.