Yadda fangalin salati ya koma tubali a gidan malamin gona

Aikina koya wa masu noman rani yadda za su bi da ƙasa, daga Jiratawa har Madarunfa, amma a gidana na Ali Ɗan Sofo ko ganyen yakuwa sai an sayo. Uwargida ta gaji da gorin maƙwabta, ta ce bana da shigowar sanyi salati take so a tsakar gida, bayani kuma in riƙe abina.

Gidanmu a kan tudu yake, kamar yawancin Maraɗin yanzu, tun da ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari aka hauro da shi daga bakin gulbi. Ƙasar tudu kuwa jigawa ce. Jiƙa ta ka dunƙula a hannu, kana buɗe yatsu ta watse. In kana son gani da ido, zuba ta a kwalba kashi ɗaya cikin uku, cika da ruwa, girgiza sosai ka aje. Rairayi kan kwanta cikin minti ɗaya, laka kuwa sai ta kwana ruwan bai washe ba. Tawa tun kwalbar na hannuna ta gama kwanciya. Jigawa tana da daɗin haƙa, saiwa na tafiya cikinta yadda ta ga dama, shi ya sa gero da gyaɗa da karoti ke sonta. Aibinta ba ta riƙon amana. Ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta miƙa shi can ƙasa, ta haɗa da takin zamanin da ka kashe wa kuɗi. Ga ƙarancin fosfor, ɗaya daga cikin sinadaran da shuka ke ci, ga rashin ruɓaɓɓen taki.

Magani dai na san shi. Fangali mita 1 a faɗi, mita 3 a tsawo, a haƙa zurfin santimita 30, a bar samansa ya ɗan nutse don ruwa ya tsaya ciki (a fadama ɗaga shi ake yi, don can ruwan ne ke kwanciya). A zuba ruɓaɓɓen taki bokiti uku, da busasshiyar laka bokiti biyu wadda aka daka aka tankaɗe, a gauraya a bushe.

Na yi wa mai amalanke magana ya kawo mini ƙasar fadama. Bai tambayi ta mece ce ba, ya ciko amalanke da irin wadda yake kai wa magina, baƙar laka mai danƙo. Ni kuma aiki ya ja ni ƙauye, sai na bar wa ƙanen uwargida saƙon awo. Ashe yaron ya taɓa leburancin gini lokacin hutu. Ya duba ya ga taki bai iso ba, ga laka tuli, ya ce ba da shi za a yi asarar kuɗin Yaya ba. Ya juye ta duka, ya kwarara ruwa, ya naɗe ƙafar wando ya shiga ya tattake. Ƙaiƙayin geron da na tanada don rufe fangali ma ya zuba ciki, wai don ya kama. Ya shafe sama da bayan shebur, yayarsa ta barbaɗa irin salati.

Kafin in dawo iskar hunturu ta ƙarasa masa aikin. Tun daga zaure ya tarbe ni: "Yaya, zo ka gani, ko tsagewa bai yi ba!"

Gaskiyarsa, bai tsage ba. Ƙwayar laka ta fi ta rairayi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai ta cike ƙofofin da ke tsakanin rairayin, tattakawa ta kori iskar da ta rage, rana ta ɗaure. Taki ne ke shiga tsakani ya hana su mannewa, ƙasa ta riƙa marmashewa, ruwa ya zauna, saiwa ta yi numfashi. Babu shi, abin da ka haɗa sunansa tubali. Na zuba ruwa bokiti guda, ya bi ta gefe ya nufi madafa. Na sara da hauya, ta yi ƙara ta dawo mini.

Uwargida na tsaye riƙe da ƙugu. "Malam, haka kuke koya musu a Jiratawa?"

Na ce gwaji ne, kuma an samu sakamako.

Da diga aka fasa shi, muka jera gutsattsarin a gindin katanga. Wani maƙwabci ya tausaya ya aiko da ɗanyen kashin kaji, na yi godiya na wuce da shi rami. Ɗanyen taki zafi yake ɗauka, ya ƙone saiwa, ya kira gara. Sai an jera shi hawa-hawa da kara da ƴar toka, ana yayyafa ruwa, ana juyawa duk mako biyu, har wata biyu zuwa uku. In ya huce, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa, ya nuna. Wannan karon na sayo nunanne, na tsaya a kan awo da kaina. Takin zamani na 15-15-15 giram 30 kacal na sa a kowace murabba'in mita, yuriya kuma kaɗan-kaɗan bayan dashe ya kama, don jigawa in ka ba ta da yawa lokaci guda wankewa take yi. Ruwa ma haka, kaɗan safe kaɗan yamma, da rufin ƙaiƙayi a sama. Tumatir kuwa ba a maimaita shi inda ya taɓa zama, saboda tsutsar nan da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli ta fi son rairayi. Albasa ake sawa a wurin.

Ana cikin haka na tarar da salati kore shar a bayan ɗaki, cikin tsohuwar roba mai huda. Uwargida ce ta kwaso tsohuwar ƙasar turken awaki ta shuka, ba ta shawarci kowa ba. Shi muka fara ci, ni ma an sammini.

Ranar Juma'a wani magini ya shigo duba katanga, ya ɗauki gutsure ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya tambayi wa ya yi wannan kwaɓi. Yanzu yaron na wurinsa yana ɗaukar kuɗin yini, kuma duk wanda ya yaba tubalin sai ya ce ai mijin yayarsa malamin gona ne, shi ya ba shi awon.