Alhaji na neman lambar Hatsune Miku

Alhaji Ɗanlami, wanda ya sha ƙasa a takarar kansila sau uku amma har yau yake cewa ba a gama ƙirga ƙuri'a ba, ya leƙa wayar Abba a teburin mai shayi.

Alhaji: Kai ɗan nan, wace yarinya ce wannan take zuba waƙa ko numfashi ba ta ja?

Abba: Hatsune Miku ce, Baba Alhaji. Waƙar Japan ce. Jiya na ci karo da ita a YouTube, sai da asuba ta riske ni.

Alhaji: Miko! Ai na san gidansu. Mun yi hulɗa da ubanta lokacin da nake shigo da babura.

(Babur ɗaya Alhaji ya taɓa saya a duniya, shi ma na hannu ne.)

Abba: Ba ta da uba, manhaja ce. Wani kamfani a birnin Sapporo, Crypton, ya fito da ita a 2007, a kan fasahar Vocaloid ta kamfanin Yamaha.

Alhaji: Yamaha! Mai shayi, ka ji da kunnenka? Ban ce babura ba?

Abba: Yamaha mai kayan kiɗa nake nufi.

Alhaji: Gida ɗaya ne, ɗakuna ne daban.

(Abin haushin, a nan ya faɗi daidai. Na baburan daga jikin na kayan kiɗan ya ɓalle a 1955. Kada dai wanda ya gaya masa.)

Mai shayi: To muryar ta wace ce?

Abba: Wata mata ce, Saki Fujita, aka naɗi muryarta gaɓa-gaɓa aka zuba a ciki. Kai sai ka rubuta baitinka a kwamfuta, ka jera karin, ita kuma ta rera. Duk wanda ya sayi manhajar za ta yi masa.

Alhaji: Ko ɗan wace jam'iyya ne?

Abba: Ko ɗan wace ce.

Mai shayi: Ashe dai tamu ce. Wanda ya yi wa Alhaji waƙa wancan zaɓen, kafin la'asar ya cire sunan Ɗanlami ya sa na abokin hamayya, ko kiɗan bai canza ba.

Alhaji: Kar ka tuna min da ɗan banzan nan, har shadda na ɗinka masa. Abba, wannan za ta yi min ta bana. Shekararta nawa?

Abba: Sha shida.

Alhaji: Ka ce 2007 ta fito.

Abba: A lokacin ma sha shida ce. Haka kamfanin ya rubuta, ba ta ƙaruwa.

Mai shayi: Irin 'yan ƙwallonmu na ƙasa da shekara 17, masu 'ya'ya a firamare.

Alhaji: Duk zancen banza ne, mutum ce. Mene ne wancan a hannunta?

Abba: Wani irin ganyen albasa ne, masoyanta suka laƙaba mata tun farkon fitowarta.

Alhaji: Lawashi! Wanda ya riƙi lawashi miya zai yi. Mai yin miya yana da ciki. Mai ciki kuwa mutum ne. Ina bokon naka?

Abba ya buɗe masa bidiyon wasanta: dubban mutane na kaɗa sanduna masu haske, makaɗa na gaske na ta gumi, ita kuma haskota ake yi a kan allo, gashi kore-kore shuɗi-shuɗi har ƙauri. Ya ce a 2014 ma ita ta riƙa buɗe wa shahararriyar mawaƙiya Lady Gaga fage a Amurka.

Alhaji: Za mu sa mata mayafi. Wa yake kwashe liƙin?

Abba: Ba a liƙi, tikiti ake saya. Kuma Hausa ba ta cikin harsunanta, Japananci ne da Turanci da Sinanci.

Alhaji: Namu da suke cusa murya a inji har ta koma kukan sauro, kana jin Hausar tasu? Ba ni lambarta.

Abba: Baba Alhaji, wallahi babu ita! Wani mutum a Tokyo ma da ya yi bikin aurenta a 2018, 'yar tsana ya riƙe, kuma hukuma ba ta san da auren ba.

Alhaji: Alhamdulillahi! Matar aure ce, shi ya sa kake ta noƙe-noƙe. Ka kyauta, kana da tarbiyya. To ba ni lambar mijin, ta wurinsa ya kamata a bi.

Abba: Sai da wuta fa take waƙa.

Shiru ya ratsa teburin. Kwana tara unguwar ba ta ga ƙyallin lantarki ba.

Alhaji: Ka gaya wa mijin ta taho da janareto. Man kuma a ba ni bashi, idan na hau zan biya.

Ya kurɓe shayin Abba, ya gyara hula, ya miƙe.

Mai shayi: Ranka ya daɗe, kuɗin shayi da ƙwai uku fa?

Alhaji: Sa a asusun kamfen.

Mai shayi: Na wane zaɓen? Littafin na farkon ma ya cika.