Zanen ɗalibi ba shi ne taswirar da magini zai bi ba

Da yawa in sun ga zanen da ɗalibin fasahar gine-gine ya yi, misali a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, sai su ɗauka aiki ya gama, saura a kira magini a fara haƙa. Ba haka abin yake ba.

Abin da ɗalibi ke nunawa tunani ne. In makaranta ya zana, zai juya tagogin aji kudu da arewa don kada ranar yamma ta gasa yara a watan Afrilu. In gidan zama ne, zai sa zaure a gaba, ya karkata ƙofar ciki yadda baƙo ba zai hango tsakar gida ba. Wani kan je Argungu ya tsaya a gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ya dubi kaurin bango, ya ji sanyin ɗaki da tsakar rana. Ni a ganina nan ne kyawun aikin yake.

Amma takardar ba ta faɗi kaurin rodi ba, balle zurfin tushe, kuma ƙasar fadama daban take da ta tudu. Wannan lissafin injiniya ne. Shi kuwa zanen da hukumar tsara birane za ta karɓa, sai da hatimin wanda ya yi rajista da ARCON, wato hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya, kuma ɗalibi bai kai nan ba tukuna.