Alhaji, Mutum Nawa Ka Tsayar da Ƙafafunsu?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwana na Tawa da kewaye, da waɗanda neman halal ya kai Yamai, Abijan, Akara da Kumasi.

Kwanakin nan tarihin manyan attajirai ya cika Facebook da WhatsApp. Ana jera hotunansu, ana lissafa masana'antu da jirage da benaye, samarinmu kuma suna ta rubuta "Allah ka ba mu" a ƙasa. Amin. Roƙon arziki ba laifi ba ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce wa Amru ɗan Asi madalla da dukiya ta gari a hannun mutumin kirki. Sai dai akwai babin da masu ba da labarin suke tsallakewa, kuma a kansa nake son yi wa kaina da alhazanmu nasiha: wa ya kama hannun waɗannan mutane lokacin da ba su da komi, su kuma hannun wa suka kama?

Ku dubi Alhasan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, wata dattijuwa mai suna Tata ce ta yi renonsa. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja da Kumasi. Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da Legas a wajen 1912, ciniki ya koma kan gyaɗa, shi ma ya shiga da ƙarfinsa. A 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, azurfar da ya kai ajiya kayan raƙumi 20 ce. Wannan labarin raƙuma kowa yana son ba da shi. Amma gyaɗar ba shi kaɗai ya bi ƙauyuka ya tattaro ta ba. Yaransa ne suka bazu cikin karkara da kuɗinsa a hannu, babu jingina sai amana, su sayo, su auna, su kawo. Ya rasu a 1955, kuma gidan bai watse ba.

Daga wannan gida Aliko Ɗangote ya fito ta wajen uwa. Matatar mai da ya buɗe a Legas a 2023, an gina ta don ta tace ganga 650,000 a yini. Duk da haka a 1977, yana saurayi ɗan shekara 20, rancen jari aka ba shi cikin dangi ya fara saye da sayarwa. Abdussamadu Rabi'u, wanda ya kafa kamfanin BUA a 1988, mai masana'antar siminti a Kalambaina nan kusa da mu a Sakkwato, a gaban mahaifinsa ya koyi ciniki, wato Halifa Isiyaku Rabi'u, attajiri kuma mahaddacin Alƙur'ani, wanda ya rasu a 2018. Babu ɗaya cikinsu da ya tsiro daga ƙasa shi kaɗai.

Mu ma nan gida haka abin yake. Alhazan Maraɗi na farko, yawancinsu masu sayen gyaɗa ne a madadin kamfanonin Faransawa, daga baya suka yi hulɗa da SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa da gwamnati ta kafa a 1962. Da bala'in fari na shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, suka juya zuwa cinikin kan iyaka da Najeriya. Abin da ya riƙe su duk tsawon wannan juyi, su da kansu suka sa masa suna: arzikin mutane. Ana auna girman alhaji da yawan waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa, da kuma yawan waɗanda suka fita daga ƙarƙashinsa suka zama masu gidan kansu.

To mu Adarawa fa? Albasar Galmi da Tamaske da Madawa tana kwana bisa kamiyo har Abijan da Akara. Manomi yana bakin garkarsa, dillali yana tasha, direba da yaron mota suna hanya, wani ɗan uwa yana can bakin teku yana jiran kaya, kuɗi kuma su dawo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza ko Nita. Miliyoyin sefa suna yawo tsakanin mutanen da wani lokaci ko takarda ɗaya ba su rubuta ba. Wallahi wannan ni'ima ce babba, kuma ita nake jin tsoron kada mu kashe da hannunmu.

Alhaji, kai nake nufi, cikin girmamawa. Yaron nan da aka kawo maka daga ƙauye ko gemu bai fito masa ba, shi ke buɗe shago bayan asuba, shi ke kwana a magaza yana gadin kaya, shi ka aika da kuɗin da bai taɓa mafarkin mallaka ba ya kai su daidai. Yau yana da mata da ƴaƴa, har furfura ta fara leƙowa, kuma har yanzu kuɗin cefane yake jira daga aljihunka. Iyayenmu ba haka suka yi ba. Yaro idan ya yi shekarunsa, ya nuna gaskiya, maigida yakan kira dattawa, ya ware masa jari, ya haɗa shi da masu ba da kaya bashi, ya sa masa albarka. Yanzu abin da muke ji yana sa kuka: lokacin sallama na matsowa sai a ce lissafi bai cika ba, a ɗora wa yaro sata, a kore shi hannu wofi, suna kuma ya ɓaci cikin kasuwa har ba mai sake ɗaukarsa. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa mutum uku Allah da kansa ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci cikakken aikinsa, bai ba shi ladansa ba. Wane lauya za ka ɗauka a wannan rana?

Na san amsar da ake bayarwa. Za a ce Alhaji ya gina masallaci, ya kai mutane Makka, yana raba hatsi da azumi. Allah ya karɓa. Amma sadaka nafila ce, haƙƙin ɗan Adam kuwa bashi ne, kuma ba a biyan bashin Musa da kyautar da aka yi wa Isa. Annabi (SAW) ya gaya wa sahabbai cewa matsiyacin al'ummarsa shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare, sannan a kwaso zunubansu a jibga masa. Muslim ne ya ruwaito.

Haka kuma manomin da ka ba bashin taki da man injin ban-ruwa, ka ɗaure shi da sharaɗin sai kai zai sayar wa a farashin kaka, sannan ka zo da buhun da aka yi wa hula har ya fi ƙarfin ɗan dako, kuɗin kuma na buhu ɗaya ne. Ka koma farkon Suratul Muɗaffifina ka karanta a hankali. Waɗanda idan za su karɓa sai an cika musu, idan za su bayar sai su tauye, da azaba aka buɗe musu surar.

Ba Alhaji kaɗai ke da laifi ba, kuma zalunci ne in yi shiru a kan ɗaya gefen. Ƙanena, kai da aka ɗora wa kaya zuwa Abijan, ka sayar, ka canza lambar waya, ka dawo da labarin cewa albasa ta ruɓe a hanya alhali ka san ƙarya ne: ba maigidanka kaɗai ka cuta ba. Ka rufe ƙofa ga yara goma na garinku da za a ba amana bayanka. Alhazai da yawa da suka ƙanƙame hannu yau, irinka ne suka koya musu. Kana son zama kamar Ɗangote cikin damina ɗaya, ka manta cewa Abdurrahman ɗan Aufu, da ya iso Madina ba shi da komi, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ribar farko da ya dawo da ita ɗan cuku ce da man shanu. Daga nan ya tashi har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai, kuma yana cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna.

Addininmu bai bar wannan hulɗa a duhu ba. A zaurukanmu ana karanta babin ƙirali a Risala da Muwaɗɗa: mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya shi, a yanke rabon riba tun farko, rabi ne ko sulusi, kowa ya san nasa. Idan aka yi hasara ba da sakacin mai aiki ba, ta hau kan jari, shi kuma wahalarsa ce ta tafi. Annabinmu (SAW) kafin aike da dukiyar Nana Khadija ya yi fatauci zuwa Sham, kuma gaskiyar da aka gani a wannan tafiya ce ta sa ta nemi aurensa. Idan kuwa albashi ne, a faɗi adadinsa, a faɗi ranar biya. Abin da shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne "ka dai yi ta aiki, zan duba ka", shekara goma ba a san me za a duba ba.

Kuma a rubuta. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mun ɗauki rubutu kamar rashin yarda, muna jin kunyar cewa a kawo biro tsakanin maigida da yaronsa. Allah da ya umarta ya fi mu sanin zukatanmu, ya kuma san mutuwa ba ta sallama. Sau nawa aka yi jana'izar alhaji, kafin sadakar arba'in magada sun sa wa magaza kwaɗo, yaron da ya ba gidan ƙuruciyarsa yana tsaye a waje? Marigayin ya yi masa alkawari da baki, gaskiya ne, amma ba shaida, alƙali kuma ba ya hukunci da abin da ke cikin kabari. Wataƙila niyyar Alhaji mai kyau ce, jinkiri ne kawai ya yi. Jinkirin ya bar yaro cikin talauci, ya bar ƴaƴansa suna cin abin da ba nasu ba, shi kuma yana kwance da nauyi a wuya.

Saboda haka, Alhaji, tun kafin kakar albasa mai zuwa, ka zauna da littafinka. Ka rubuta sunan kowane yaro da shekarar da ya zo gidanka. Wanda lokacinsa ya yi, ka kira liman da dattawa biyu na kasuwa, ka faɗi abin da ka ware masa a gabansu, a sa hannu, shi ya riƙe takarda ɗaya, babban ɗanka ya riƙe ɗaya. Wanda ka taɓa kora bisa zargin da ba ka tabbatar ba, ka aika a nemo shi ko yana Abijan, ka wanke shi a gaban mutanen da ka ɓata shi a gabansu, ka biya shi abin da ke kanka.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya jiƙan alhazanmu da suka riga mu, ya ba magadansu ikon sauke musu haƙƙin da suka bari.