Injin Tsohuwar Baturiya

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san ciyawar watan Agusta ba ta jin magana. Ka share ta ranar Asabar, kafin Juma'a ta zagayo ta miƙe tana leƙen taga. Gidan da muka koma a Malali tsohon gini ne irin na ma'aikatan gwamnati, ɗakuna kaɗan, fili kuwa har ya yi yawa. Da rani jar ƙasa ce fetal, yara na buga ƙwallo. Ruwa na sauka sai wurin ya koma daji, sauro ya kafa hedikwata, uwargida kuma ta daina shanya a igiyar baya tun ranar da ta ce ta ga wani dogon abu ya wuce. Ni ban gan shi ba, amma a gidanmu in ta ga abu, to an gan shi.

Da ma akwai wani dattijo da kan zo da lauje da buhu ya yankar wa tumakinsa. Ko kwabo ba ya karɓa, har godiya yake yi. Aibinsa ɗaya, inda ciyawa ta yi kyau yake yanka, ya bar sauran. In ya tafi sai filin ya koma kamar kan yaron da ya ƙi zama a yi masa aski. Ni kuwa duk ranar da na bi ta Murtala Square na hangi filin folo a shimfiɗe kore shar, sai zuciyata ta ce, su ma ai ba daga sama nasu ya faɗo ba. Da haka na shiga neman injin yanke ciyawa.

Na farkon da aka nuna mini a wani kanti mai amfani da lantarki ne, da doguwar waya a bayansa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba fetur. Sai na tuna lokacin da masu wuta suke tunawa da layinmu, wato tsakar dare. An ce Edwin Budding, Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro injin nan a 1830 bayan ya ga na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa, da dare yake gwada nasa don kada maƙwabta su ce ya zautu. Shi yana da abin da yake ɓoyewa. Ni in aka gan ni ƙarfe biyun dare ina tura inji a tsakar gida da tocila a baki, ba mai tsayawa jin bayani.

Na biyu sabo ne dal a kwali, ja, sai walƙiya yake, da wani suna a jiki wanda ban taɓa ji ba. Na tambayi yaron kantin, "In wani abu ya lalace, a ina ake samun kayansa?" Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai wannan ba ya lalacewa." Na yi masa sallama. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka kayansa ba ya lalacewa, cewa yake yi kada ka dawo.

Sai na ƙare a wajen masu gwanjo, can tsakanin tsofaffin firji da kekunan yara da injinan gudu na masu rage tumbi. Nan na gan shi a kwana, baƙi, fentinsa ya ɗan koɗe, amma ƙarfe ne na gaske. Mai kayan ya dafa shi ya ce, "Alhaji, daga Amurka ya zo. Wata tsohuwar Baturiya ce mai shi, ciwon ƙafa gare ta, sau biyu kawai ta tura shi ta ajiye." Na san matar nan. Ita ce mai motata kafin in saya, ita ce kuma mai firjin ƙanwata. Allah ya ba ta lafiyar ƙafa. Ya zuba fetur kaɗan, ya ja igiya sau ɗaya, inji ya ɗauka da wata irin murya mai kwantar da hankali. Na biya kuɗin da zai sayi madaidaicin rago, aka ɗaure mini shi a bayan Keke Napep.

Washegari da hantsi na fito da gajeren wando da takalmin motsa jiki. Baba maigadi ya ja bencinsa kusa, yara suka jeru, 'ya'yan maƙwabta suka ɗare katanga. Na yi bismilla na ja igiya. Shiru. Na sake ja. Na yi ta ja har gumi ya jiƙa singileti, kafaɗa ta fara kiran sunana. Baba maigadi ya ce, "Yallaɓai, ko dai ba ya son rana ne?" Ana cikin haka autarmu ta zo ta kama wani siririn ƙarfe da ke jikin mariƙin tana lilo da shi, ta danne shi. Na ja igiyar don huce haushi, sai ga inji ya tashi. Ashe tun 1982 dokar Amurka ta tilasta a riƙa yin injinan nan ta yadda in ka saki wannan ƙarfen wuƙar za ta tsaya cikin daƙiƙa uku, kuma a irin nawa in ba ka danne shi ba injin ma ba zai tashi ba. Mai gwanjo ya danne shi da hannun hagu yana yi mini hira, bai ga dalilin faɗa ba. Baba maigadi ya kawo shawarar a ɗaure shi da robar tiyub a huta. Na ƙi. Ina son yatsun ƙafata yadda Allah ya ba ni su.

Abin da ya biyo baya kam daɗi ne, ba zan ɓoye ba. Ciyawa na kwanciya a gabana, ƙamshinta na tashi, layi na fita tsaf. Har na fara tunanin inda zan sa kujeru in riƙa shan shayi da yamma. Na kai tsakiyar fili ina ɗaga wa 'yan katanga hannu, sai na ji ƙwal! Inji ya yi tsalle ya mutu. Na tona ciyawa, sai ga dutse, ɗaya daga cikin waɗanda yara suka kafa a matsayin raga tun rani. Na waiwaya in tambayi wanda ya ajiye shi, na tarar ba kowa a tsakar gidan sai ni da Baba maigadi.

Daga ranar injin ya sauya hali. Ka ja igiya sai ya fizge ta da ƙarfi ya mayar, hannunka ya yi tsami har wuya. Na kira yaron da ke gyara mana janareta. Yana zuwa ya kifar da injin a gefe don ya leƙa ƙasa, ta ɓangaren da kafireta take. Baƙin mai ya gangara ya cika soson da ke tace iska. Ya ɗauko sifana mai lamba 13 ya ɗora a kan notin da aka yi shi da awon inci, ta yi ta zamewa har kan notin ya zama mulmulalle. Ya ce fulogi ne, aka sayo. Ya ce kafireta ce, aka wanke. Ya ce kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta. Ya tambaye ni ko ina haɗa fetur ɗin da baƙin mai, irin na ƙaramin janareta. Na ce wannan ai wurin mansa daban. Ya girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare. Da injin ya yi tari sau ɗaya, farin hayaƙin da ya fito sai da maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko feshin sauro muke, a taimaka a shigo nasu gidan.

Hukuncinsa na ƙarshe shi ne a cire injin ɗungurungum a ɗora na ban ruwa, tunda irinsa ko a ƙauye ana samun kayansa. Shawarar ta yi ma'ana har sai da muka je muka duba. Sandar injin ban ruwa da ta janareta a kwance take, tana fita ta gefe. Ta injin ciyawa a tsaye take, tana kallon ƙasa. Ya yi shiru, can ya ce ko za a kwantar da injin a walde shi. Na biya shi kuɗin mota.

Neman kwayil ya zagaya da ni gari. Kowane shago amsa ɗaya ce, "Babu, amma akwai na janareta, duk ɗaya ne." Wani ya karɓi kafin alƙalami ya ce zai sa a ɗauko daga Ladipo a Legas, abin da ya iso na babur ne. Na tura wa ɗan'uwana hoto ta WhatsApp ya duba mini a Ƙofar Ruwa a Kano, ya turo mini hoton wani ƙarfe da sai mutum biyu za su ɗaga, ya rubuta a ƙasa, "Yaya, sun ce wannan ya ma fi ƙarko." Wuƙar kuma da ta lanƙwashe, wani mai walda ya ƙera mini sabuwa da sifirin mota, ya rantse ko itace ta samu sai ta sare. Duk wannan lokacin ciyawa ba ta tafi hutu ba. Layukan da na yanka sun cike, dattijo mai lauje kuma ya daina zuwa tun da ya ji labarin na sayi inji. Uwargida ba ta ce komai ba. Kullum dai in ta kawo abinci sai ta tambaya cikin ladabi, "Malam, ya jikin mutumin naka?"

Wani abokin aiki ne ya ce in daina wahala in kai shi Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna. Can cikin lungu, bayan masu ƙera tukwane da murhu, aka nuna mini rumfar wani tsoho da gawarwakin injinan ciyawa jibge a bayansa. Ya ce ya yi shekaru yana gyaran na filayen wasa. Na fara zuba masa bayanin kwayil, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ina lambarsa?"

Na ce ba shi da lamba. Ya ɗauko tsumma da fetur ya goge murfin saman, sai ga rubutu an buga a jikin ƙarfen, gida uku: Model, Type, Code. Ya ce injin na kamfanin Briggs & Stratton ne na Milwaukee, kuma da lambobin nan ake neman kayansa ko'ina a duniya, ba da hoto ba. Sannan ya nuna mini gida na uku. Lambobi biyun farko shekarar ƙira ce, biyu na gaba wata. Nawa ya fara da 98, sai 06. Yunin 1998, watan da Abacha ya rasu. Injin ya girmi ɗana na fari. Lallai tsohuwar Baturiya ta daɗe tana fama da ƙafar nan.

Ya ja igiyar a hankali, ta fizge. Ya ce, "Dutse ka daka." Ba tambaya ba ce. Ya kwance murfi, ya cire faifan ƙarfen da ke saman injin, ya zaro wani ɗan guntun ƙarfe fari wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya rabe gida biyu. Ki suke ce masa. Shi ke riƙe faifan daidai da sandar injin don wutar fulogi ta zo a kan lokaci. Da gangan ake yin sa da ƙarfe mai laushi, don in wuƙa ta daki abu ta tsaya cak, shi ya tsinke, manyan kaya su tsira. In ya tsinke faifan ya goce, wuta ta riƙa zuwa kafin lokacinta, shi ne injin ke mayar maka da igiya. Kwayil ɗina lafiyarsa ƙalau. Na ce ai da na sani da an yanko ƙusa an sa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce masu sa ƙusa su ne suka cika masa bayan rumfa.

Ya buɗe wani gwangwanin madara ya ɗauko sabo. Kuɗinsa bai kai abin da na ba mai Keke Napep ba. Ya wanke soson, ya sauya mai, ya ce in zan kifar da inji in bar ɓangaren kafireta a sama. Wuƙar mai walda kuwa ya rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya, gefe ɗaya ya rinjaya ƙasa nan take. Ya ce da na ɗaura ta da girgiza ta kwance kowane noti, ta ƙare da haƙorana. Ya tono wata daga cikin gawarwakin ya wasa ta. Ya kuma ce in damina ta wuce kada in bar fetur a ciki, don yana daskarewa ya toshe kafireta. Wannan kam ba sai an tuna mini ba. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba a barin fetur ya yi zaman banza a gidana, in ma na manta Baba maigadi yana da babur.

Da zan tafi na tambaye shi jan nan mai walƙiya da na bari a kanti. Ya nuna bayan rumfarsa da haɓa ya ce, "Ka ga irinsa a nan? Injin da ba ka ga gawar ɗan'uwansa a Panteka ba, in ya kwanta wa zai ba shi jini?" Na sayi ki har da na ajiya, da sifana mai rabin inci, ya ba ni kyautar gwangwani.

Na kafa doka a gida: kafin a tada inji sai yara sun bi fili layi-layi sun tsince duwatsu, tunda su suka san inda suka binne su. Fili ya yi kyau har maƙwabcinmu, wani tsohon soja da ba a ce masa a'a, ya leƙo ta katanga ya yaba, ya ce a ara masa na yini ɗaya. Na ja ɗansa gefe na yi masa lacca a kan duwatsu, yana ta cewa, "To, Baba. To, Baba," idonsa na kan waya.

Muna cin tuwon rana muna jin muryar injin ta bayan katanga, gwanin daɗi. Loma tana hannuna muka ji ƙwal! Uwargida ta ajiye cokali ta dube ni. Na wanke hannu, na ɗauko gwangwani da sifana. Ina sa takalmi sai ga sallamar yaron a bakin ƙofa.

"Baba ya ce a gaishe ka. Wai injin nan naka, ina ka saye shi? Ba shi da ƙwari ko kaɗan."